Randa Uku a Gamkalle

Ni dai nama nake gasawa.
Shekara goma sha ɗaya tukubata
na ƙofar gidan Madam Tankwano.
Ban taɓa kai ƙoƙonta baki ba,
Allah shaida, ita ma shaida.
Amma in gidan nan ya yi tari
ni ke kwana da ciwon ƙirji.

Bara waccan saura kaɗan a rufe.
Kwalba ta hau kuɗi ta ƙi saukowa,
wuta ta ɗauke tun la'asar,
firigo ya koma akwatin ajiye zafi.
Kujerun ƙarfe suka yi tagumi.
In kawo cinya guda, in koma da rabi,
ƙuda ma ya daina yi mini kara.

Sai ta aika Bubon aka ɗauko randa uku
a amalanke, an naɗe su da buhu
kamar masu jego.
Ta jiƙa jar dawa, ta baza, ta lulluɓe,
ta zauna jiran tsiro.
Ta ce haka kakarta ke yi a Makalondi
tun ba a san murfin kwalba ba.
Dare biyu murhunta bai mutu ba,
hayaƙinta da nawa suka gaisa bisa katanga.

Abin da ke cikin randa rai gare shi.
Daga tukuba ina jin ƙus-ƙus ɗinsa,
kumfa na hawa, tana faɗuwa.
Ba ya son rana, ba ya son girgiza,
kuma ba ya jiran mai nawa:
yau zaƙi, gobe ƙarfi,
jibi tsami, sai a ba ƙasa ta sha.
Kwalba ta yi wata shida a lungu
ba ta tambayi kowa ba.
Randa kuwa sai an kwana kusa da ita,
ana yayyafa wa yashin gindinta ruwa.

Komlan tela ya fara dawowa,
da zare a wuyan riga.
Sai Dari tsohon soja, mai kunne guda,
ya kurɓa, ya yi shiru,
ya ce, "Wannan ta san sunana."
Yanzu har samarin Harobanda
ke haye gada bisa moto,
suna ɗaukar ƙoƙo hoto da waya,
abin da iyayensu suka kira na ƙauye
suka tsere masa da takalmi a hannu.

Dala ashirin ƙoƙo.
Mai itace ya samu, ɗan garuwa ya samu,
mai aladu na bakin Isa yana kwashe dusa,
ni kuma tsire ɗari kafin sha ɗaya.
Kuɗin lakwal ɗin Ramatu daga nan ya fito.

Ranar Juma'a Malam Nomau ya tare ni,
ya ce ƙofar da na zaɓa ba ta da kyau.
Ban yi musu ba.
Na ce ya nuna mini wata in kai tukuba.
Yana kan dubawa.

Tsakar dare, in kowa ya watse,
takan ƙwanƙwasa cikin randa da ɗan yatsa,
ta kara kunne.
In ta ji amo, ta yi murmushi.
Ni ina wajen ina ƙirga tsinke,
garwashi na lumshe ido,
ta leƙo ta ce, "Arzika, gobe ƙaro cinya."