Hawan Alfama

Taswira ta ce minti goma.
Taswira ba ta da gwiwa.

Tun hantsi nake hawan tsohuwar Lisbon.
Duwatsun titi santsi kamar bayan tarwaɗa,
sawun waɗanda suka riga mu ne ya goge su.
Lungu ya haifi lungu, ya maido ni
ƙarƙashin rigar nan ja
da na wuce sau uku tana ɗiga a igiya.

Wata tsohuwa na gasa kifi a bakin ƙofa.
Ta dubi takalmina, ta girgiza kai,
ta turo mini kujera da ƙafa.
Ta dafa ƙirji: Graciete.
Iyakar abin da muka ji na juna ke nan.
Ta nuna bangonta, shuɗin tayil,
tsaga ɗaya daga taga har ƙasa,
ta karkaɗa hannu yadda ƙasa ke rawa,
ta kwashe da dariya.

Ganuwar da na zo gani tana can sama,
an kusa rufe ƙofa.
Ban tashi ba. Gishiri a yatsuna.
Can ƙasa kogin Tejo ya haɗiye rana
ko taunawa bai yi ba.