Allon Anselmo

A Peniche, inda iskar teku ke cin fentin ƙofa,
ni ke riƙe da littafin ciniki,
mijina Anselmo na riƙe da gizago.
Wata huɗu ya yi a kan allo guda,
irin wanda ake hawan raƙumin ruwa da shi.
Da ya gama na rubuta: Yuro dubu tara.
Alƙalamin ma sai da ya yi tuntuɓe.

Yayana Custódio masunci ne tun bai yi gemu ba.
Ya shigo da ƙarnin koma a rigarsa,
ya ƙwanƙwasa allon kamar mai zaɓen kankana.
Ya ce, "Dubu tara? A kan katako?
Injin kwalekwalena dubu huɗu ne,
kuma baki bakwai yake ciyarwa.
Wannan fa, me ya taɓa kamawa?
Na kamfani, na soso, ɗari uku yake a kanti,
kuma teku ba ta neman rasit
kafin ta kifar da mutum."

'Yarmu Leonor, gashinta bai bushe ba,
ta ce, "Kawu, kai da hannu ka san teku,
ni da tafin ƙafa.
Na soso ɗan haya ne, sai ka yi masa tsawa.
Na Baba yana jin abin da gwiwa ke nufi
tun ba ta lanƙwasa ba.
Nawa shekararsa goma sha ɗaya.
A tsakani ƙawata ta binne na soso biyar."

"To saya mana," in ji shi.
Ta dubi ƙasa.
Kofi take zubawa baƙi a bakin gaɓa,
ta san abin da ke shiga aljihunta ƙarshen wata.

Ni ban ce uffan ba, lissafi nake.
Katakon daga Ekwado ya zo, jirgi bai ɗauko shi don Allah ba.
Hayar shago. Samfefa. Man shafe.
Tarin da yake yi da dare,
garin katako ne ke neman hanyar fita.
Na raba da kwanaki, na sake rabawa:
mai gyaran famfo ya fi shi samu a awa.
Duk da haka na sani,
kaf layinmu babu mai iya taɓa wannan kuɗi,
kuma yaran layinmu ne ke cikin ruwa tun asuba.

Wanda ya saya likitan haƙori ne daga Lisbon.
Da awo ya zo, ya gwada tsawo.
Bai tambayi yadda yake juyi a ruwa ba,
ya tambaya ko launin zai shiga da kujerunsa.
Bango ya tanadar masa, da ƙusa biyu.
Anselmo ya karɓi kafin alƙalami,
ya wanke hannu ya daɗe yana wankewa.

Ranar da za a zo ɗauka, tun duhu,
na ji sakata.
Na leƙa: Leonor na riƙe da goshin allon,
wutsiyar kuma, wa zan gani?
Custódio, yana ƙunƙuni, yana kaffa-kaffa
kamar mai ɗauke da jinjiri.

Raƙumi uku ta hau.
A na ukun ta miƙe tsaf, ta saki hannu,
Anselmo ya cire hula bai san ya cire ba.

Suka wanke shi da ruwan daɗi, suka goge.
Custódio ya ce, "Har yanzu ya yi tsada."
Anselmo ya ce, "Ya yi."

Ƙarfe goma likita ya zo da mota.
Ban rage ko sisi ba.
Akwai ƙwayar rairayi ɗaya maƙale a gindin wutsiya.
Na gan ta.
Na ba shi rasit.