Kilomita Talatin da Ɗaya

Tun kafin asuba na bar Bayonne,
tan ashirin da huɗu na takarda a bayana.
Na keta Sifaniya daga wuya har ƙugu,
na sha gahawa a tsaye a Burgos,
na yi hutun minti arba'in da biyar
ina kallon agogo kamar mai jiran hukunci.

Yanzu ga ni a gefen Celorico.
Inji ya yi shiru, ƙarfe na ƙas-ƙas yana hucewa.
'Yar na'urar da ke saman kaina,
wadda ba ta fi tafin hannu ba,
ta haɗiye katina, ta ƙirga, ta ce ya isa.
Awa tara. Ka wuce, tara.
Ƙarin awar da doka ke yi mini sau biyu a mako
na cinye Litinin, na cinye Laraba.
Yau Juma'a, ba ni da bakin roƙo.

Kilomita talatin da ɗaya.
Da zan hau kan tirela in yi ɗage
da na hango fitilun garinmu,
har da wadda Graciete ke mantawa a baranda.

Maigida Quintela ya bugo waya:
"Amândio, rabin awa ce fa, wa zai gan ka?"
Na ce na'ura ba ta da ido, amma ba ta mantuwa,
kuma 'yan sandan hanya sun iya karatu.
Ya yi tsaki. Na ji ƙarar cokali a bayansa,
shi a kan teburinsa yake.

Babana Belmiro bai san wannan takura ba.
Faifan takarda ne a zamaninsu,
in ya yi maka ƙarya a kan gaskiya
sai ka cilla shi ta taga.
Yana tauna ɓawon lemo, yana marin kansa,
ya zo daga Faransa bai rintsa ba,
ya ba da labari a mashaya ana tafa masa.
Abin da ba ya faɗa shi ne Abílio.
Kwanar da ke gangaren Guarda,
gicciyen ƙarfe, furen roba da rana ta cinye.
Ba a ga alamar birki a kwalta ba.
Barci ɓarawo ne, in ji mutane,
amma ɓarawo yakan bar maka gida.

Duk da haka na zagi na'urar,
ita da wanda ya ƙera ta da wanda ya sa hannu.
Na sauka na zaga mota don in huce,
na buga tayoyi, na ja igiyoyin kaya,
na goge laka daga jar fitila ta hagu.
Ƙafata ta dama tana rawa ita kaɗai.
Na tsaya ina kallonta.
Ban san tun yaushe take yi ba.

Awa goma sha ɗaya zan kwana nan.
Na ja labule, na cire takalmi,
na aika saƙo: kada ki jira ni, ku ci.

Ƙarfe tara da kwata aka ƙwanƙwasa ƙofa.
'Yar farar motarta ce, mai fitila ɗaya da rabi,
tukunya a naɗe cikin tawul a kujerar baya,
miyar kabeji da dankali, burodin masara,
da autarmu Lurdes, haƙori biyu babu,
ta riƙe su a ashana ta kawo in gani.

Graciete ta ce, "Doka ta hana ka zuwa gida.
Na duba, ba ta hana gida zuwa ba."

Muka ci a matakalar mota, mu uku, cokali biyu.
Direban Poland da ke gefe ya leƙo,
muka zuba masa a murfin tukunya.
Sha ɗaya saura suka juya.
Na bi jan wutarsu da ido har kwana,
na hau gado. A saman kaina
na'urar na ƙirga mini barci.