Tawadar Lemun Tsami

Daren jajibiri ne, Valparaíso ta yi shiru,
fitilun tuddai sun gangaro har bakin teku,
ni kuwa ina durƙushe a lungun ɗaki da jan zare a baki,
ina ta saƙa kamar gizo-gizo
daga ƙusar madubi zuwa mariƙin ƙofar bayi.
Duk yaron da ya taɓa zare, ƙararrawa ta tona shi,
ƙararrawar da na kwance daga wuyan kyanwa.
Har yanzu harara take aiko mini daga saman firji.

Gobe Amaro zai cika tara.
Ya ce balan-balan na jarirai ne,
shi ɗan leƙen asiri zai zama,
da abokansa bakwai, har da Maite
wadda magana ba ta taɓa kwana a cikinta ba.
Ita na raɗa wa sunan ɓoye: Shiru.
Shi kuma Kifin Dare, shi ya zaɓa da kansa.

Na yanko gashin baki takwas daga tsohuwar hular babansa,
biyu sun karkace, oho.
Na barbaɗa fulawa a kofi don farautar zanen yatsa,
na yaga taswirar gidan gida huɗu,
ɗaya a takalmi, ɗaya a tukunyar fure,
biyun na manta inda na cusa.
Mai ƙwanƙwasa ƙofa sai ya ce: jirgi ya makara.
A amsa masa: kifi bai damu ba.

Saura saƙon da ba a gani.
Na matse lemun tsami, na rubuta, takarda ta jiƙe.
Na kara a kyandir, ta kama da wuta.
Ta biyu ma haka. Ta uku na zage ta.

Sai ga takun silifa.
Mahaifiyata, Eduvigis, da bargo a kafaɗa,
ta tsaya kaina ta ce, ba haka ake yi ba.
Ta karɓi tsinken ashana, ta fere bakinsa da haƙori.
Kaɗan ake dangwalowa, in ji ta, kamar mai rowar turare.
Kuma ba a aika farar takarda,
farar takarda ihu take yi.
Fara rubuta wasiƙar banza, tsadar albasa, ciwon gwiwa,
sannan ki bi tsakanin layuka.
Kyandir na barin baƙi. Ɗauko dutsen guga.

Na ce, Mama, ina kika koyi wannan?

Can ƙasa wani jirgin ruwa ya yi kuka.
Ta daɗe tana gyara bakin bargo.
Ta ce, akwai shekarun da muke kashe fitila da wuri,
bango ma kunne gare shi.
Kawunki Baldomero yana aiko riguna a goge masa,
ni nake duba aljihu.
Wata rana rigunan suka daina zuwa.

Nan ta tsaya. Ban ja zaren ba,
na san akwai ƙararrawa a jikinsa.

To me za a rubuta wa 'yan sirrin naki?
Na ce, kek yana cikin injin wanki.
Ta yi dariya har da tari, har da share ido,
ta rubuta sau takwas, hannunta ko rawa bai yi ba.
Ta manna karkataccen gashin baki ɗaya a leɓenta,
ta ce gobe ita ce mai gadin ƙofa,
ko jikanta ne, ba kalma, ba shiga.

Ta tsallake zaren nan kaf, da gwiwar tata mai ciwo,
ƙararrawa ko motsi.

Da na zo kwashe tebur na ƙirga takardu, tara.
Ta taran da sunana a sama,
tana ba ni labarin tsadar albasa,
layukan sun yi nesa da juna.
Dutsen guga na nan da sauran zafinsa.
Na zauna, ina kallonsa.