Allura Lafiya Lau

Barira ta zo da rediyonta naɗe cikin zane,
tun daga Karkada, a ƙasa, da hantsi.
Ta ce, "Kalla, duba min shi.
Allurarsa ta maƙale.
Duk inda na murɗa, mutum ɗaya ke magana."

Na kwance ƙusoshi huɗu,
na lasa pil, da sauran ransa.
Na murɗa hagu, na murɗa dama,
allura lafiya lau take tafiya.

A da, nan wurin Tsahiru ne,
mai kiran sunan duk unguwar
da pamponta ya kwana bakwai bai ɗiga ba.
Gaba kaɗan wata ƴar Mirya
ke faɗin kuɗin tiyar gero, Hausa da Barbarci.
Can ƙarshe, inda yake shuu,
tsofaffi biyu ke musun haraji
har magariba ta raba su.

Alhaji bai rufe ko ɗaya ba.
Saye ya yi.
Ta farko bashin lantarki ya shaƙe ta,
ta biyu mai ita ya rasu, magada na sauri,
ta uku ita ta kai kanta.
Sunaye na nan, kiɗan buɗe tasha na nan.
Rijiya uku, guga ɗaya.

Motocin da ke sayar mana da ruwa nasa ne.
Shi ya sa a cikin akwatin nan
ba a ƙishirwa a Damagaram.

Depitenmu ya hau mota zuwa Yamai da takarda,
wai hannu ɗaya kar ya riƙe bakin gari duka.
Mun raka shi har tasha.
Yau kullum bayan labaru ana gaishe shi,
shi da iyalinsa, sau uku, tasha uku.
Takardar kuwa, ko cigiyarta.

Tsahiru kabu-kabu yake yi yanzu.
Mai son labari ya hau bayansa
daga Kasuwar Dole zuwa Birni,
ya kara kunne a kafaɗarsa.

Na mai da ƙusoshi, na miƙa mata.
Na ce, "Barira, ba abin da ya lalace,
ko dala ba zan karɓa ba."

Ta daɗe tana kallonsa.
Ta ce, "To cire min pil ɗin,
fitilata na bukata."