Wutsiya Ɗaya

Ciwon da ya shanye ɓarin jikin Wilfred
ya tafi da rabin maganarsa.
Bryony, likitar harshe, takan zo Filey ran Laraba.
Ta ajiye mini katuna bakwai a kan tebur,
ta ce, "Thelma, wutsiyarsu ɗaya ce duka,
kai kawai ake sauya musu.
Ki nuna masa, ki jira. Kada ki taya shi."

Jira ba halina ba ne. Na dai jira.

Cold.
Wannan ba ta ba shi wuya ba.
Sanyi ne, abokin aikinsa na shekara arba'in,
mai shiga ta ɗinkin safar hannu
tun kafin asuba, a tsakiyar teku.
Ya faɗe ta har da ɗan karkarwa, don in yi dariya.

Gold.
Ya dubi katin, ya dubi yatsana.
Zinariya. Zoben duk ya sirance,
wanke-wanke ya cinye rabinsa.

Bold.
Jarumta, in ji ni, kamar kai a daren guguwa.
Ya taɓe baki, ya nuna kyanwa
da ta hau tebur tana lasar man shanu a gabanmu.
Gaskiyarsa. Rashin kunya ma sunanta ke nan.

Fold.
Na ɗauki tawul na ninke, na sake ninkewa.
Ya girgiza kai, ya yi kukan tunkiya.
Ashe shingen duwatsu yake nufi, can kan tudu,
inda ake tara tumaki in dare ya yi.
Shekara hamsin da ɗaya muna kwana ɗaki guda,
sai ranar na san kakansa makiyayi ne.

Sold.
A nan ya juya fuska wajen taga.
An sayar. Jirgin nan shuɗi mai sunana a goshi,
ni na sa hannu a takardar
yana asibiti, bai san safe ba, bai san yamma ba.
Katin da ke biye na tura shi aljihu.
Told. An faɗa.
Ba ni na faɗa masa ba,
a bakin mai kawo madara ya ji.

Hold.
Tana nufin riƙo,
tana nufin cikin jirgi inda ake zuba kifi.
Harafinta na farko numfashi ne kawai,
numfashin kuwa shi ya yi masa ƙaranci.
Ya gwada sau uku, iska ce ke fita.
Sai ya miƙo hannun hagu, mai sauran ƙarfi,
ya kama wuyan hannuna
kamar igiya a ranar hadari.
Na ce na karɓa, wannan ma amsa ce.

Bai sake ni ba ya jawo katin,
ya ɗora babban yatsa kan harafin farko.
Abin da ya rage shi ne old. Tsoho.
Ya nuna kansa, ya nuna ni,
ya nuna butar shayi da murfinta ya lotsa,
ya yi dariya da rabin baki har ya ƙware.

Da Laraba ta zagayo, Bryony ta buɗe littafinta,
ta ce, "Nawa ya iya?"
Na ce, "Shida."
"Ta bakwai fa?"
Na dafa aljihuna na ce,
"Wannan ba tasa ba ce. Ni ake bi bashinta."