Tamma da Dala

Shekara uku ina zance da na'ura
a ɗakin jami'a mai fanka guda.
Na fito da takarda mai hatimi biyu,
Inna ta sa ta a leda, ta ɗora can bisa,
inda ɓera ba ya kai.

Sai neman aiki.
Kowace sanarwa bakinta ɗaya:
a zo da gogewar shekara uku.
To, a wace rumfa ake sayar da ita?
Na zaga Babbar Kasuwa, na leƙa Kadro,
ga mai kanwa, ga mai daddawa,
ban ga mai auna gogewa ba, ko rabin tiya.

Wasiƙa arba'in da bakwai na aika Yamai.
Biyu suka ce mun gode.
Sauran shiru, kamar an shuka dusa.

A Bagalam kuwa na yi suna.
"Zuwaira, buɗe mani waya, na mance lamba."
"Zuwaira, hoton jikana ya ɓace."
Ladana Allah shi yi albarka,
wani lokaci da ƙullin zogalen Jiratawa.
Da dare in kuran bai ɗauke ba
nakan rubuta manhajar da babu mai jira,
in gyara, in rushe, in sake,
har zakaran maƙwabta ya ce ya isa.

Ruwan Agusta ne ya samo mani aiki.
Ya bi ta hudar kwano a siton Alhaji Sallau,
ya sauka kan littafin bashi,
ya lashe sunayen manoman aya na Cadawa,
tawada ta koma shuɗin baba.
Na iske shi yana shanya shafuka a rana
kamar mai shanya kuɓewa.
Na ce, zan gina maka wanda ruwa ba ya ci.
Ya dube ni, ya dubi jakata.
"Sati biyu. Kuɗin kabu-kabu nawa ne."

Ranar gwaji ƴan dako suka kewaye ni.
Baba Ilu, magatakarda,
shekara talatin da biro a bayan kunne,
yana karanta farashi, ina bugawa.
Ya ce ɗari biyu, na buga ɗari biyu.
Ya ce ɗari da hamsin, na buga.
Na danna jimla, ƙirjina a buɗe.

Alhaji ya leƙa, ya cire tabarau.
"Yarinya, injinki ya talauta ni.
Ina sauran kashi huɗu na dukiyata?"
Dariya ta tashi har tantabarun rufi suka watse.

Baba Ilu bai yi dariya ba.
Ya ce, "Da kina ƙarama, in an aike ki ƙosai,
aka ce na biyar, nawa kike miƙawa?"

Dala biyar. Tamma ashirin da biyar.
Na san wannan tun ban san baƙi ba.
Kasuwa da dala take ƙirga,
ni kuwa na ba na'ura tamma,
lissafin allo, na bar na Inna a gida.

Layi ɗaya na ƙara: a ninka sau biyar.
Dukiyar Alhaji ta dawo, ba ta yi ciwon kai ba.

Yanzu tebur gare ni tsakanin buhuna,
ƙurar aya na shiga tsakanin haruffa,
ina hure ta kowace safiya.
Baba Ilu bai ajiye littafinsa ba.
Bayan la'asar mukan gwada jimla,
in mun dace ya ce, "Injin ya yi sa'a."

Jiya na ƙirga albashin farko, jika arba'in,
na saya wa Inna turmi, wa sito leda ta rufi.
Na buɗe takardar neman aiki,
wurin da na daɗe ina bari fari,
na rubuta:
gogewa, wata ɗaya da kwana huɗu.